Fasfona da Idon Dada

Ranar da Asma'u ta shigo mini da wayarta tana cewa mutanena sun yi nasara, na san lokacin rubuta wannan babin ya yi. Labarin wasu masana ne a ƙasar waje da suka tara hasken lesa a kan ɗan ƙwayar makamashi wanda bai wuce ƙwayar masoro ba, har zafin da ya fito ya fi hasken da ya shiga. Na karanta, na yi hamdala, na miƙa mata wayarta. Sai na ga ta tsaya tana yi mini irin kallon da ake yi wa wanda aka zo yi wa ta'aziyya.

"Baba, da Baffa Sule bai ɓoye maka fasfo ba, da yanzu da kai a cikinsu," in ji ta.

Kunya ta kama ni a ranar. Wannan maganar ta fi shekara arba'in tana yawo a gidanmu na Goron Dutse, kuma ni na bar ta take yawo. Da ita kuka tashi. Kai Kabiru, na san saboda ita ka ƙi zuwa ɗaurin auren jikan Baffa, ka fake da ciwon kai, alhali da yamma an gan ka a wurin ƙwallo. Baffa ya daɗe a kabari, ba zai iya kare kansa ba. To ku zauna ku ji yadda aka yi, tun ina da sauran numfashi.

Ni ɗan fari ne, kuma Dada, kakarku, Bafulatana ce ta gasken gaske. Ku kun san ta tana tsohuwa mai raba muku alewa, tana kiran kowannenku da sunan tsokana. Ni ban san wannan matar ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Cikin gida ɗaya muke da Dada, amma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "mai sunan Malam", ko "wancan" idan na ɓata mata rai. Ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta kallon fuskata. In na shigo tsakar gida sai ta sunkuyar da kai kan abin da take yi, in na gaishe ta sai ta amsa wa turmi ko tukunya. Kada ku ce ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, haka ita ma uwarta ta yi wa babban wanta. Naman da ya fi tsoka a miya a kwanona nake tarar da shi, kuma na san ba Goggo ke sakawa ba, domin Goggo in ta ga tsoka bakinta take kaiwa.

Na yi karatun Fiziks, Allah ya ba ni sa'a, har aka ɗauke ni a wani ɗakin bincike a ƙasar Turawa. Abin da muke nema a can shi ne mu kwaikwayi rana. Rana ba itace take ci ba, ba gawayi ba. Ƙwayoyin zarra ne mafi sauƙi ake matse su a cikinta har su haɗe, kuma wurin haɗewar suke sakin zafi da haske. Irin waɗannan ƙwayoyin suna cikin ruwan da muke sha. Mu kuma muna so mu matse su da haske mai ƙarfi daga kowane ɓangare a lokaci guda, kamar yadda mai fura ke dunƙule ta da tafuka biyu. Aikina shi ne madubai da gilasan da ke jan hasken zuwa wurin da ake so. Ina da shekara ashirin da tara, ina ganin kaina wani abu, kuma na yi imani kafin in yi furfura Kano za ta daina sanin duhu. Bayan shekara uku aka ba ni hutun mako shida kafin a fara wani babban gwaji, na taho gida da damina, da tikitin komawa a aljihu.

Kwana tara na yi a gidan nan ban gane mahaifiyata ba ta gani ba. Ku sake karantawa, don ni ma har yau in na tuna sai in girgiza kai. Mutumin da ke iya hango ƙura ɗaya a kan madubi, ya kwana tara da makauniya a gida ɗaya, kullum yana durƙusawa ya gaishe ta. Amma ta ina zan gane? Ba ta kallona, to da ma ba ta kallona. Na kawo mata atamfa, ta shafa, ta ce wa Goggo a yi wa mai sunan Malam godiya, kuma da ma haka za ta yi ko da idonta garau. Ta san tsakar gidan nan kamar tafin hannunta, tana tafiya daga ɗaki zuwa madafi ba ta tuntuɓe. Mutanen gida kuwa duk sun haɗa baki. Shekara biyu yanar ido tana rufe mata gani, amma ta hana a rubuta mini, ta ce ba a ɗaga hankalin mai karatu.

Ran na goma da hantsi ina aske gemu a tsakar gida da ɗan madubina. Dada na zaune bakin ƙofarta tana tsince shinkafa da yatsu. Na juya madubin, hasken rana ya tashi daga kansa ya sauka a fuskarta. Kowa aka haska haka zai kare fuska ya yi faɗa. Ita sai ta ɗaga kai tana bin hasken a hankali.

"Dije, hadarin ya washe ne?" ta tambaya.

Babu hadari a ranar, sama fes take tun asuba. A lokacin na ga idanun mahaifiyata sosai, karo na farko da wayona. Baƙin idon ya koma fari, kamar an ɗiga nono a ciki. Na ajiye reza da rabin gemu, na shiga ɗakin Goggo na zauna.

"To ka gani da kanka, ni ban faɗa ba," in ji Goggo. "Allah ne shaidata ban faɗa ba. Ka goge sabulun nan a fuskarka, kamar wani dodo."

A nan na ji sauran labarin. Baffa Sule, wan mahaifina, shi ne mai gida tun bayan rasuwar Malam, kakana da aka sa mini sunansa. Yana sayar da kayan yaji a Kasuwar Kurmi, mutum ne mai faɗa da tausayi a haɗe. Ya riga ya yi magana da wani mai kwantar da yana, daga cikin masu yawo gari-gari. Aikinsu shi ne su soka wani ɗan tsinke a gefen ido su ture farin ya faɗa ciki. An tsayar sai na koma za a yi, don kada a sha surutun ɗan boko.

Kafin in je wurin Baffa na yi abu ɗaya da karatuna ya amfane ni da shi. Na sa Goggo ta shigar da Dada ƙuryar ɗaki da rana tsaka, aka saki labule, na kunna tocila ina haska idon daga sama, daga ƙasa, daga dama da hagu. Goggo ke tambaya, Dada na nunawa da yatsa. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Ido yana da ɗan gilashinsa da Allah ya sa a bayan baƙin, shi ke tara haske ya kai shi bangon baya inda gani yake. Gilashin ne ya dushe, bangon lafiyarsa ƙalau. Na fito daga ɗakin ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Na tarar da Baffa a rumfarsa yana auna kanumfari. Na gaishe shi, na yi bayani dalla-dalla, har da zane a bayan takardar ƙunsa kaya. Ya bar ni na gama.

"Yo ai shi ma wannan kawar da farin yake yi," ya ce. "Mene ne bambancin?"

"Baffa, shi turawa yake yi cikin idon ya bar shi a can. Kamar a share ɗaki ne a tura sharar ƙarƙashin tabarma. A asibiti fito da shi ake yi, sannan a ba ta tabarau ya maye gurbinsa."

"Maƙwabcina na rumfar can a gabana aka yi masa. Nan take ya ƙirga yatsuna."

"Yanzu yana gani?"

Baffa ya ci gaba da karkaɗe mudu. Na riga na ji labarin maƙwabcin a hanya, an ce mini bayan wata bakwai idon ya kumbura, ya mutu gaba ɗaya.

"Habibu, ubanka da ƙafarsa ya shiga asibiti," ya ce. "Ni na raka shi, muna hira. Ni na dawo da shi a makara. Kai kana makaranta, ba ka gani ba. Ba zan sake kai wani nawa da hannuna ba. In kana nan, uwarka ce, ka yi yadda ka ga ya dace. In ka tafi, amana ta dawo wuyana, kuma abin da na sani zan yi."

Ba barazana yake yi ba, gaskiyarsa ya faɗa, kuma ban ji haushinsa ba. Na ɗauka mako biyar ya ishe ni. Na kai Dada asibitin ido, likita ya duba ya ce aikin zai yiwu, amma jininta ya hau sosai, sai an sauko da shi, ga kuma layi. Ranar da ya rubuta mana ta wuce ranar komawata da wata biyu. Na rubuta wa shugabana a can ina neman ƙarin hutu. Amsar ta zo cikin ladabi, ya ce yana yi wa mahaifiyata fatan sauƙi, amma gwajin ba zai jira mutum ɗaya ba, in ban iso ba dole a ba wani gurbina. Ban ga laifinsa ba, da ni ne a kujerarsa haka zan rubuta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in tafi. Na hau saman dutsen nan namu da la'asar na zauna ina kallon rufin gidaje, ina kawo wa kaina hujjoji masu kyau. Na ce ai Goggo za ta iya kai ta. Amma na san Goggo ba ta iya ja da Baffa, wanda ko tari ya yi a zaure sai ta gyara ɗankwali. Na ce ai abin da muke yi a can haske ne na duniya duka, mene ne ido biyu? Da na ji wannan maganar ta fito daga zuciyata sai na tsorata da kaina, na sauko.

Dada ta ji labarin wasiƙar, don a gidanmu ko allura ta faɗi sai an ji. Washegari na je gaishe ta, Goggo na zaune tsakaninmu tana ɓare gyaɗa.

"Dije, ki ce wa mai sunan Malam ya koma karatunsa," in ji Dada. "Abin da zan gani a duniya na gani."

"Goggo, ki ce mata sai an buɗe idon zan tafi."

"Ki ce masa ba a neme shi ba. In ya zauna don ni, raina bai so ba."

Goggo ta watsa gyaɗa a baki ta ce, "Ni kunnen nan nawa na hagu ya daɗe da toshewa. Wannan ta ƙarshen ban ji ta ba, balle in isar."

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi ne karo na farko da na saɓa mata, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Yanzu ga maganar fasfo. Saura kwana uku jirgina ya tashi, Baffa ya kira ni zaure. Ya ƙulla mini yaji da daddawa da kuka na tafiya, ya ce in tafi, kada in kashe rayuwata, Allah na nan. Na tambaye shi ko ya fasa kiran mai tsinke. Ya ce bai fasa ba, ba zai yaudare ni ba. Sai na shiga ɗaki na ɗauko fasfo da tikitin na ɗora a cinyarsa, na roƙe shi ya kulle su a akwatin ƙarfensa na kasuwa, kada ya ba ni ko na yi kuka, sai jirgin ya tashi. Na san halina, na san in suna hannuna zan iya tsintar kaina a filin jirgi. Ya ƙi, na nace, ya karɓa yana faɗa. Ranar tafiyar kuwa na je rumfar na ce ya ba ni. Ya dube ni ya ce mabuɗin yana gida, ya ci gaba da ciniki. Mutanen kasuwa suka ga ɗan boko yana hawaye a gaban akwati, Baffa ya ɗaure fuska. Kafin magariba labari ya kai Ƙofar Ruwa cewa Sule mai yaji ya ɓoye wa ɗan ƙaninsa fasfo.

Baffa bai taɓa musantawa ba, don a ganinsa babba ba ya tsayawa wanke kansa a bakin kasuwa. Ni kuma na yi shiru, kuma wannan shi ne laifina. Da shekaru suka tafi, na zama malamin sakandare mai koyar da haske da tocila da kwanon ruwa, ina ganin sunayen abokan aikina a mujallu, sai maganar ta riƙa yi mini daɗi. Ya fi sauƙi a ce an zalunce ka da a ce kai ka zaɓa. Akwai shekarun da na yi baƙin ciki sosai, na huce a kan ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba, wani lokaci har a kanku. Na sake neman komawa sau biyu ban samu ba, sannan na yi aure, kuka zo, maganar ta mutu. Sai da Baffa ya kwanta ciwon ajali na nemi gafararsa. Ya ce shi ya manta ma da wani akwati, in miƙo masa buta.

Game da nasarar da Asma'u ta nuna mini, na yi murna da ita har zuciya. Amma ku sani da sauran tafiya. Zafin ya fi hasken da ya sauka a kan ƙwayar, gaskiya ne, sai dai wutar da injinan suka sha kafin su haifar da hasken ta ninka haka nesa ba kusa ba. Kuma harbi ɗaya ba ya kunna gari, sai an iya maimaita shi ba tsayawa, dare da rana. Na yi imani za a kai, wataƙila jikokinku su dafa tuwo da wutar. Ni dai na yi furfura har ta zube, ana nan ana cewa saura kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na karanta labarin na saurari zuciyata ina jiran tsohon ciwon nan ya motsa, sai na ji shiru. Ban san ranar da ya warke ba, amma na ji sanyi da na gane ya tafi.

Aka yi wa Dada aiki a idon dama bayan kaka ta shigo. Baffa bai je ba, amma Goggo ta ce tun safe yana zaure da carbi, ko rumfa bai buɗe ba. Kwanakin da ta yi kwance da bandeji sun fi mini shekara uku na ƙasar waje tsawo. In ba ta gani ba, na raba ta da ɗan hasken da take bi, na raba kaina da aikina, kuma na tabbatar wa Baffa da maganarsa.

Ranar buɗewa da safe muna tsaye ni da Goggo a gefen gado. Likita ya warware bandejin a hankali, ya goge idon, ya ɗora mata wani tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ya ɗaga yatsu a gabanta.

"Hajiya, nawa ne nan?"

Ta ƙura wa hannun ido.

"Uku," ta ce. "Kuma ɗan nan, farcenka yana son yanka."

Goggo ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ni kuwa na durƙusa a wurin na riƙe ƙarfen gadon. Likita bai san al'adar gidanmu ba, baƙo ne a garin. Ya kama kafaɗata ya juyo da ni gabanta.

"To wannan fa, kin gane shi?"

Babu turmi a ɗakin, babu tukunya, babu inda za ta kai idonta. Ta dube ni. Ta fara daga goshi ta sauko har haɓa, ba ta gaggawa, idon ya yi girma a bayan gilashin yana zubar da ruwa. Ban san ko na aikin ne ko na wani abu ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Sannan ta juya wajen Goggo.

"Dije," ta ce, "haka kika bar mini shi ya rame?"